Gidan Baba da Keken Siebren

Gidan Baba, bayan Dokkum,
watan Mayu.

Zuwa ga Yayana Tjalling,

Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Geeske da yara da jikoki. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta maka ciwon gwiwar nan da ka ce sanyin Ontario ya tayar. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. 'Yarmu Wytske tana can Groningen tana fama da ɗalibanta, takan leƙo mu ƙarshen mako idan ta tuna tana da iyaye. Tumakin maƙwabta sun haihu, ganuwar da ke tare ruwan teku ta cika da 'yan raguna, itacen tuffan da Mama ta dasa kuma ya yi fure bana har ya ba ni mamaki. Na zaɓi in rubuto maka da hannu ne don idan na kira ka a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana, wannan kuwa ina so in kai ƙarshenta. Kada gabanka ya faɗi, ba mugun labari ba ne, amma ka bi shi daga farko, ban da tsallake.

Maganar gidan nan ce. Da na gaya maka lokacin sanyi cewa Siebren ya ce sai an sayar da shi, sai kawai ka ce a waya mu yi abin da ya fi mana sauƙi. Na san wannan muryar taka, Yaya, tun muna yara haka kake yi in abu ya ci ka. Ni kuma a lokacin ban yi maka cikakken bayani ba, don ni kaina ban gama gane abin da ke damun surukin naka ba.

Ka dai san farkon abin, ƙarin nan da aka gano a kan jijiyar kunnensa na dama, can ciki kusa da ƙwaƙwalwa. Likitoci suka ce ba ciwon daji ba ne, amma ya girma har ba za a zuba masa ido ba, aka yi masa aiki a Satumban bara aka cire. Kunnen dama ya mutu murus, gefen fuskar ya ɗan saki, idon nan ma sai da ɗigon magani. Duk wannan bai dame shi ba, har cewa yake yanzu ya samu kunnen da zai riƙa juyo min in na fara faɗa. Abin da ya karya shi jiri ne. Ashe jijiyar da ke taimaka wa mutum ya tsaya daidai ita ma a wurin take, kuma ta tafi tare da ƙarin. In ya juya kai da sauri sai duniya ta juya da shi, in yana tafiya kamar wanda ya kwana a gidan giya. Ka tuna wane ne Siebren. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu a kan keke, ruwa da iska, wanda bai taɓa koyon tuƙin mota ba don ya ce ba shi da abin yi da ita. Wata safiya cikin Nuwamba ya fito da kekensa daga ɗakin ajiya ba tare da ya gaya min ba. Bai kai ƙofar lambu ba ya faɗa cikin shingen furanni. Ta taga na gan shi ya tashi ya kakkaɓe wando, ya mayar da keken, ya shigo ya zauna.

Sai ga ranar haihuwarsa cikin Janairu, a nan ne dangi muka tafka tamu. An jera kujeru da'ira a falo kamar kullum, kowa ya shigo ya bi kowa da hannu yana taya shi murna, ga kofi ga kek, kowa na magana lokaci ɗaya. Mai kunne ɗaya kuwa a irin wannan zama ba ya jin komai sai guguwa, ni ban san haka ba a lokacin, ina dai ganin yana gyaɗa kai ga kowa. Can sai ƙanwarsa Tryntsje ta tafa hannu ta ce kowa ya fito waje. Ashe sun haɗa hannu, ita da 'yan uwa da tsoffin abokan aikinsa, sun sayo masa keke mai taya uku, sabo fil, da kwando a baya da jan ƙyalle a ɗaure. Ni ma da sanina aka yi, har na ce dabara ce mai kyau. Tryntsje ta ce masa, a gaban kowa, da muryar nan tata da ake ji har teku, “To Yaya, ka ga an huta, wannan ko ka so faɗuwa ba zai bar ka ba.” Aka yi dariya aka yi tafi. Siebren ya shafa sirdin, ya ce an gode, an yi ɗawainiya. Wallahi da na dubi fuskarsa na san mun yi ɓarna. A wurinmu kyauta ce mai amfani, a wurinsa kuwa duk garin ne ya taru ya gaya masa tasa ta ƙare.

Bayan 'yan kwanaki ya ce min ya yi magana da wani dillalin gidaje a Dokkum. Ya ce ba zai zauna a gidan da ba kanti ba bas kusa da shi ba, yana jiran matarsa ta ɗauke shi a mota kamar buhun dankali, gara mu koma gidan bene a cikin gari inda ƙafarsa za ta kai shi ko'ina. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, ko gezau. Na ce masa a ɗakin sama aka haife ni, a nan Baba ya cika, ya ce ya sani, shi ya sa bai yi maganar da wuri ba. Ban taɓa jin haushinsa kamar lokacin ba, kuma ban taɓa jin tausayinsa kamar lokacin ba, duka biyun a rana ɗaya. Dillalin ya zo ya zagaya gidan yana buɗe kabad ɗin Mama yana ɗaukar hotuna, aka sa ranar sa hannu farkon watan nan.

Wytske ce ta binciko cewa akwai ƙungiyar waɗanda suka yi irin wannan ciwon, suna haɗuwa wata-wata a zauren wata coci a Leeuwarden, su da iyalansu. Da na gaya wa mutumin naka cewa ya yi ba zai je ya zauna cikin kurame ana yi wa juna kuka ba. Na ce to madalla, ni zan je, ai an ce har da matan marasa lafiya, kuma ina da labarinsa da yawa da zan bayar. Ranar ina ɗaukar makulli sai ga shi da rigar ruwa a hannu, wai zai raka ni ne kawai don kada in yi masa ƙarya.

Yaya, ban ga kuka a wurin nan ba. Muna shiga wani ƙaton mutum mai karkataccen baki ya tare mu, ko sunanmu bai tambaya ba ya ce wa Siebren, “Hagu ko dama?” Siebren ya ce dama. Mutumin ya zagayo ta hagunsa ya ce, “To ka shigo gidan masu hankali, 'yan hagu duk tsiya ne da su.” Wata tsohuwa daga can ta ce ta ji shi sarai, da kunnen da ya rage. Ƙaton nan shi ne Wobbe, tsohon direban babbar mota, shi ma an cire masa ƙarin shekaru da yawa da suka wuce. Ba a jera kujeru da'ira a wurin, bibbiyu ake zama, kuma kafin a zauna sai an yi ta musayar wuri ana dariya har kowa ya samu abokin hirarsa ta gefen kunnensa mai rai. Mutum ɗaya ke magana a lokaci ɗaya. Na ga Siebren ya saki kafaɗa a karo na farko tun bayan aikin, har yana ba wani labarin ƙarar da yake ji a cikin mataccen kunnen, wadda ni matarsa bai taɓa gaya min ba. Na ji kishi kaɗan, ba zan ɓoye maka ba.

Bayan an sha kofi aka ware mu iyalai zuwa wani ɗaki. Matar Wobbe, Hiltje, 'yar siririya ce mai ido kamar na malamar makaranta. Ta ce ta lura tun daga bakin ƙofa ina riƙe da gwiwar hannun mijina. Ta ce, “Aukje, ke matarsa ce ko sandarsa?” Na so in ba ta amsa mai zafi, ka san ni. Amma ta ci gaba a hankali ta ce ita ma haka ta yi wa nata, ta hana shi hawa matakala, ta hana shi ɗaukar ko butar shayi, har ya kusa zama kujera a gidan. Ta ce kan mutum yakan koyi tsayuwa da jijiyar da ta rage, amma sai an bar shi ya yi tangaɗi, in ana tare shi kullum ba abin da zai koya. Likitar motsa jikin da ke duba Siebren ta sha gaya min haka, ina ce mata to, a raina ina cewa ba ita za ta ɗaga shi daga ƙasa ba. Da na ji daga bakin wadda ta ɗaga nata mijin daga ƙasa, sai maganar ta zauna.

Muna fitowa na tarar Wobbe ya riga ya tatsi labarin keken daga bakin Siebren. Ya ja mu waje ya nuna mana nasa. Taya uku ne, ya shafe shi da ruwan ɗorawa, ya sa masa ƙahon babbar mota. Ya ce shi ya gwada taya biyu har ya gaji, kansa ya ƙi, kuma ba ya jin kunyar kowa. Sannan ya ce wa Siebren, “Amma kai sau ɗaya ka faɗi ka je ka kira dillali. Mai wasiƙa, ina ce kun fi haka taurin kai? Ka zo ranar Lahadi ka faɗi yadda ya kamata, in ya so ka sayar da gidan mutane.” Ya ce masa ya fara tambayar likitarsa, in ta yarda ya zo da hular kwano da tsohon wando. Ranar Asabar sai na ji Siebren a ɗakin ajiya yana ba taya iska.

Akwai wani ƙauye can kudu da mu da har yanzu babban kantinsu ba ya buɗewa ranar Lahadi, to a filin ajiye motocinsa 'yan ƙungiyar suke haɗuwa koyon keke bayan an tashi daga coci. Da ka ga wurin da ka yi dariya har ka zauna, daga baya kuma da ka nemi hankici. Manya ne masu furfura, da wata yarinya mai goyo da aka yi wa aiki bara, kowa a kan keke an sauke masa sirdi ƙasa, wani kuma na gudu a bayansa yana riƙe da shi kamar yadda Baba ya yi mana a kan hanyar nan ta bayan gida. Waɗanda suka iya su ne ke riƙe sababbi. Wobbe yana tsakiya a kan taya ukunsa yana busa ƙaho yana tsiya: wannan ta daina kallon taya ba a nan mijinta yake ba, wancan ya faɗi kamar mai kuɗi, a hankali. Sun koya wa Siebren ya kafa ido a kan abu ɗaya can gaba, kada ya waiga yana tafiya, in zai duba baya ya tsaya ya sa ƙafa a ƙasa ya juyo da jikinsa duka. Ranar farko ya sha ƙasa har na daina kallo. Mu iyalai an kafa mana doka, muna bakin fili da butar kofi, ba mai motsawa sai an kira shi. Duk lokacin da ya faɗi sai in ji hannun Hiltje a kan rigata.

Haka muka yi ta zuwa har sanyi ya wuce. Wata Lahadin ya zagaya filin, wata kuma kamar bai taɓa hawa ba, ya dawo gida a gajiye ya kwanta har yamma. Taya ukun Tryntsje ma ya samu aiki, Siebren da kansa ya ce a kai shi filin don sababbin da tsoro bai bar su ba tukuna. Amma maganar dillali ba ta mutu ba. Na ɗauka tunda ya fara hawa shi ke nan, sai ya ce min fili daban, hanya daban, fili ba iska ba tarakta. Ana saura kwana kaɗan ya yanke hukunci irin nasa. Ya ce ranar sa hannu shi kaɗai zai tafi Dokkum a kan kekensa. In ya isa ofishin dillalin a kan sirdi, ba zai sa hannu ba. In kuwa sai da ya tura shi ko wani ya ɗauke shi, zai sa, ni ma in je in sa nawa, kuma kada in sake tayar da maganar. Na ce wannan wace irin caca ce da gidan ubana? Ya ce ba caca ba ce, yana so ne ya san gaskiya. Ka ga irin mutumin da ka bari na aura.

Ranar ta zo da iskar nan ta yamma mai ture mutum daga gefe. Niyyata in bar shi ya yi nisa in bi shi a mota daga baya. Yana fita sai ga Hiltje a ƙofa da kek a hannu, ashe Wobbe ne ya turo ta, sun san halinmu tun kafin mu san kanmu. Ta ɗauki makullin motar daga kan tebur ta sa a aljihun rigarta, ta ce in ɗora ruwa. Na ce mata idan ya faɗa magudanar ruwa fa? Ta ce yana da waya da hular kwano, hanyar kekuna ce kusan har gari, ruwan kuma bai kai gwiwa ba, in ya jiƙe zai bushe. Ta ce, “In ya waiga ya ga motarki, ko ya isa bai isa ba.” Na zauna. Ban san me muka yi hira a kai ba, na dai san na wanke kofi ɗaya har sau ba adadi, ita kuma ta cinye rabin kek ɗin da ta kawo. Azahar ta wuce ba waya ba labari. Na shiga ɗakin sama na tsaya ina kallon bangon da muka yi ta zane a kai muna yara, ina tunanin wane launi baƙi za su shafa masa.

Daga tagar ɗakin na hango shi. Yana tahowa a gindin ganuwa a hankali, iska na kaɗa shi, ya iso mararraba ya tsaya ya sa ƙafa, ya juyo da jikinsa duka ya duba, sannan ya ci gaba. Na sauko da gudu. Da ya shigo lambu na ga wandon ya yage a gwiwa, ga laka har kafaɗa, ga filasta a haɓa, sai na ce a raina shi ke nan, a ƙasa ya isa. Ya jingine keken, ya zauna a bencin bayan gida yana haki. Na zagayo ta hagunsa na ce, “Siebren, ka sa hannu?” Bai dube ni ba. Ya ɗaga kai yana kallon ɗakin ajiya ya ce, “Aukje, rufin nan yana yoyo. Sai mun gyara shi kafin sanyi.” Na tsaya kamar ban gane ba, sannan na zauna a ƙasa a kan ciyawa na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka shiga da shi ɗakin tiyata. Hiltje ta ajiye makullin a kan taga ta tafi ko sallama ba ta yi ba.

Daga baya ne ya ba ni labari. Iska ta kayar da shi kusa da gada, ya zauna a gefen hanya har jirin ya lafa, ya sake hawa, kuma a kan sirdi ya isa ƙofar ofishin. Dillalin ne ya liƙa masa filastar, ya ba shi kofi, ya ce a aikinsa bai taɓa ganin wanda ya sha irin wannan wahala don ya hana shi ciniki ba. Ba zan ce maka komai ya koma yadda yake ba. Kunnen ba zai dawo ba, in duhu ya yi ba ya hawa, taron mutane yana gajiyar da shi, kuma za a ci gaba da ɗaukar hoton kansa lokaci-lokaci don a tabbatar abin bai sake tsirowa ba. Amma hankalina ya kwanta, Yaya, ina barci, ina cin abinci. Mijina ya dawo, yana tsokanata, yana ƙorafin yadda nake yanka burodi. Gidan Baba kuma yana nan a hannunmu.

Ka gaishe min da Yaya Geeske da kyau, ka ce mata na ga hoton lambunta, ta fi ka hannu. Ka gaishe da yara, Jelmer da matarsa, da Rixt, da ƙananan duka, Allah ya raya su ya yi musu albarka. Wytske tana gaida kawunta. Tryntsje ma ta ce in gaishe ka, har yanzu tana cewa kyautarta ce ta jawo komai, mun bar ta a haka. Siebren ya ce in gaya maka in gwiwar ta bari ka zo da rani, akwai guduma da tsani suna jiranka, kuma kai za ka hau sama don shi an hana shi. Allah ya sada mu da alheri, ya bar zumunci.

Taka ƙanwa, daga kan teburin Mama, inda za ka ci gaba da samun ta,

Aukje